Amanar Da Ta Tanƙware A Hannunmu



A gidan dattijon da muke yi wa magatakarda a nan zangon Kumasi, akwai wani ɗaki a bayan zaure da ake kira ɗakin ajiya. Ba shi da taga sai 'yar kafa kusa da rufi, kuma makullinsa guda ne, yana hannun duk wanda ke riƙe da alƙalamin gidan. Mun gaji makullin ne tare da wani littafi mai bangon fata, wanda magatakardan farko ya buɗe da ajami tun zamanin mahaifin dattijonmu, na biyu ya ci gaba da shi, mu ne na uku. Duk abin da aka kawo ajiya yana ciki: sunan mai kaya, abin da ya kawo, ranar da ya kawo, da shaidu biyu. In mai kaya ya karɓi abinsa, sai a ja layi a kan sunansa.

Shafi huɗu na littafin nan duk na wata guda ne, watan azumin shekarar 1389 ta hijira. Wanda ya san tarihin zango ba sai an gaya masa dalili ba. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Firayim Minista Busia ta ba da umarnin cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar Gana cikin mako biyu. Mu ba mu ga wannan rana ba, a bayanta aka haife mu, amma cikin labarinta muka tashi. Mutane suka wayi gari suna sayar da abin da zai sayu, suna kyautar da wanda ba zai sayu ba, suna neman gurbi a bayan manyan motoci da azumi a bakinsu, alhali wasunsu a nan aka yanke musu cibiya. Abin da mutum ba zai iya ɗauka ba, kuma zuciyarsa ta ƙi rabuwa da shi, shi ne ya kawo gidan nan ya ce a ajiye masa, zai dawo in ƙura ta lafa. Wasu sun dawo, an ja layi a kan sunayensu. Sunaye 11 ba a ja musu ba har littafin ya zo hannunmu.

A gaban ɗaya daga cikin sunayen nan magatakardan farko ya rubuta: molon Nasara guda, cikin akwatinsa. Jita ce. Mai ita direban babbar mota ne, mutumin ƙasar Kano, yana ɗaukar goro daga nan zuwa arewa. Tsofaffi sun ce a tasha ya koyi kaɗa ta wajen abokan aikinsa mutanen Asante, a lokacin da kiɗan hailaif na jita ya cika gari, zamanin su E.K. Nyame da Koo Nimo.

Bari mu faɗi gaskiyar da ta sa muka ɗauki alƙalami yau. Tun da makullin ya zo hannunmu mun shiga ɗakin nan ba adadi, mun share, mun kakkaɓe yanar gizo, amma ko sau ɗaya ba mu buɗe akwatin jitar ba. In an tambaye mu, amsarmu a shirye take: amana ce, ba a buɗe kayan mutum a bayan idonsa. Akwai kuma dalili na biyu da ba mu taɓa furtawa ba. Mu 'yan makarantar allo ne da ta zaure, mun durƙusa gaban malamai mun karanta Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, mun kuma san ra'ayin malamanmu game da kayan kiɗa masu tsirkiya. A ga magatakardan dattijo riƙe da jita a cikin gidan dattijo, wannan abin faɗe ne a zango. Sai muka bar dalilin farko ya lulluɓe na biyu, muka kwanta da zaton mun cika amana.

Bara, bayan Sallar layya da 'yan kwanaki, wani saurayi ya yi sallama a zaure. Daga Kano ya taso, ya biyo mota ta Kwatano da Lome ya shigo ta Aflawo, yana da harka a Akara, amma ya ce sai ya fara ganin Kumasi. Bayan gaisuwa ya fito da wata 'yar takarda naɗe cikin leda, ta yi ja saboda tsufa. Da muka warware ta sai muka ga hannun magatakardan farko. Kakansa ya rasu shekaru da yawa da suka wuce bai sake taka Gana ba, kuma a ƙasan akwatinsa na ƙarfe aka tsinci takardar. Muka buɗe littafi, suna ya dace da suna, rana ta dace da rana. Dattijo ya ce a kira shaidu, a fito da kaya.

Da aka ɗaga murfin akwatin, wari na tsohon katako da tsatsa ya bugi hancinmu. Siraran tsirkiyoyi biyu sun tsinke tun da daɗewa, sun nannaɗe a gefe. Kaurara huɗun suna nan a ɗaure tamau, sun yi baƙi. Wuyan jitar ya tanƙware kamar baka, har saurayin ya ɗauki fensirinmu ya zura a ƙarƙashin tsirkiyoyin a tsakiyar wuya, ya shige ba tare da ya taɓa komai ba. Ya ɗaga ta daidai idonsa ya hango tsawon wuyan, sai ga shi ya murɗe gefe guda kamar igiyar da ake tufkawa. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Alhamdu lillahi, Baba, mun gode. Allah ya saka da alheri." Da zagi ya yi, da ya fi mana sauƙin ɗauka.

Da yamma dattijo ya sa aka kira limamin unguwa. Liman ya warware mas'alar kamar yadda take a fiƙihun Malikiyya: wanda aka ba ajiya amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa sai in ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci, kuma tunda an ajiye kayan inda mai gida ke ajiye nasa, babu ramuwa a kan kowa. Game da jitar kanta ya ce ra'ayinsa yana nan inda yake, ba zai sa hannu a gyaranta ba, amma mayar da amana ga masu ita umarni ne da ya zo a Suratun Nisa'i, aya ta 58, kuma ba zai hana mutum fita kunyar baƙonsa ba. Dattijo ya ce, "Malam, shari'a ta sallame mu, kunya ce ba ta sallame mu ba. Da doki mutumin nan ya bar mana, ai ba za mu kulle shi a ɗaki mu ce amana ce ba a taɓawa ba." Ya juyo gare mu ya ce mu nemi mai gyara, kuɗin daga aljihunsa. Saɓanin malamai a kan kiɗa ya girme mu duka, kuma ba shi muka zo yankewa a nan ba. Abin da ke gabanmu kayan marayu ne da suka lalace a ɗakinmu.

Aka kwatanta mana wani tsoho ɗan Asante da ke gyara wa coci-coci da makaɗa kayansu. Shagonsa ƙarami ne, jitoci rataye a bango kamar kilishi a rumfa. Ya ɗauki tamu ya juya ta, ya ƙwanƙwasa cikinta da yatsa, sannan ya dube mu ya ce, "Kramo, wa ya bar tsirkiyoyin nan a ɗaure?" Kramo dai shi ne sunan da suke kiran Musulmi. Muka ce haka mai ita ya kawo ta. Ya bayyana mana cewa tsirkiyoyin ƙarfe shida in an ɗaure su daidai muryarsu suna jan wuyan jita da nauyin da ya kai kilo 70 ko kusa da haka, wato buhun siminti guda da kusan rabin wani, dare da rana. Katako kuma yana shan damshi ya kumbura da damina, ya bushe ya tsuke da hunturu, kuma duk lokacin da ya motsa, jan tsirkiya na karkata shi gaba kaɗan. Da siraran biyu suka tsinke sai kauraran suka ci gaba da ja ta gefe guda, ga shi dama itacen ba miƙaƙƙen jijiya gare shi ba, shi ne ya murɗe. Ya kama kunnuwan da ake ɗaure tsirkiya da su ya juya kowanne 'yan zagaye, tsirkiyoyin suka saki. Ya ce, "Ka ga wannan? Da wani ya yi shi tun farko, da yau sabuwar tsirkiya kawai za ku saya." Aikin bai kai minti biyu ba. Mun riƙe makullin ɗakin nan shekaru, wanda muka gada ya riƙe fiye da haka, babu wanda ya ba amanar nan minti biyu.

Ya ɗauko rula ta ƙarfe ya auna. A jikin wuyan jita akwai siraran ƙarafa da aka dasa a gicciye, su ne gaɓoɓin da ake danne tsirkiya a kansu don murya ta sauya. A gaɓa ta 12 ake auna tazarar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarfe. Jita mai lafiya tana da kamar milimita 2.5 a kaurarar tsirkiya, milimita 2 ko ƙasa kaɗan a siririya. Tamu ta ba da milimita 9. Muka tambaye shi ko ba a iya miƙar da wuyan. Ya nuna mana wani noti a ɓoye a kan wuyan, ya ce a cikin katakon akwai sandar ƙarfe da aka binne tsawonsa, in an ɗaure notin sai ta ja wuya baya ta yi gaba da jan tsirkiya. Kamfanin Gibson na Amurka ne ya sami rajistar wannan dabara a 1923. Amma notin tamu tsatsa ta haɗe shi da sandar, ba ya motsi, kuma ko da yana motsi, sandar tanƙwara take gyarawa, ba ta san murɗewa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wannan kuwa ya bushe a karkace. Wuyan sai an sauya shi.

A nan aka yi sa'a. Galibin jitocin da ba na lantarki ba ana manne wuyansu da ciki ne da gam, kuma raba su sai an huda ƙaramin rami an tura tururin ruwan zafi ya narkar da gam ɗin, aiki mai haɗari ga tsohon katako. Tamu kuwa sukurori huɗu ne ke riƙe da wuyan ta bayan wani farantin ƙarfe. Wannan tsari Leo Fender ne ya yaɗa shi a jitocin lantarki tun wajen 1950, don in wuya ya lalace a kwance shi a sa wani, kuma wasu maƙeran Turai sun bi shi a jitocin katako a shekarun 1960. Cikin jitar ma mai kauri ne, bai tsage ba, jakin da tsirkiyoyi ke hawa kansa bai ɗaga ba.

Sai dai muka ce masa ya dakata. Kayan nan sun zama gado, kuma saurayin jika ne, ba shi kaɗai ke da magana ba. Sau ɗaya mun yi kuskure da ƙin taɓawa, ba za mu ƙara na biyu da yanke hukunci a kan abin da ba namu ba. Saurayin ya kira gwaggonsa a Kano, ita ce babba cikin 'ya'yan marigayin da suka rage, a Kumasi aka haife ta, tana 'yar shekara bakwai aka ɗora ta a bayan mota. Ya juya wayar ya nuna mata jitar. Kafin ta yi magana, mai gyaran ya kawo wuyan kusa da fitila ya nuna mana wasu 'yan ramuka a katakon, tsakanin gaɓa ta farko da ta uku, inda farce da yatsa suka cinye itace. Ya ce daga wuraren nan yana iya gane irin kiɗan da mai ita ya fi yi. Tsohuwar ta yi kuka a waya, sannan ta ce, "Malam, a sauya, amma kada a yar da tsohon. A kawo mini shi, hannun babana ne a jiki." Muka rubuta izininta a littafi da ranar da ta ba da shi.

Mai gyaran yana da wani wuya da ya cire daga wata jitar gwanjo, mai kyau, miƙaƙƙe, kuma da shi aka sa da kuɗin ya ragu da yawa. Ya auna shi ya ajiye gefe. Muka tambayi dalili, sai ya koya mana lissafin da ya burge mu fiye da komai a wannan aiki. Gaɓa ta 12 dole ta faɗi daidai tsakiyar tsirkiya. A tsohon wuyanmu, daga ƙashin da ke kai zuwa gaɓa ta 12 milimita 325 ne, wato tsawon tsirkiyar da ke kaɗawa 650 ke nan, kuma a kan wannan awo aka kafa jakin a jikin ciki. Wuyan gwanjon kuwa 314 ya bayar, na jita mai tsawon 628 ne. In an ɗaura shi zai zauna daram, ido ba zai ga aibi ba, amma kowace gaɓa za ta ba da muryar da ta kauce, kuma babu juya kunnen da zai gyara ta. Su gaɓoɓin ma ba da ka ake dasa su ba: ana raba tsawon tsirkiya da 17.817, abin da ya fito shi ne wurin gaɓar farko, a tamu milimita 36.5, sannan a raba abin da ya rage da wannan adadi don a sami ta biyu, haka har ƙarshe. Shi ya sa suke ƙara matsuwa in an doshi ciki. Mu da muka sha wahalar lissafin rabon gado a gaban malam, mun gane irin wannan ilimi: kuskure kaɗan a asalin mas'ala, sai kowane kaso ya fito ba daidai ba.

Ya ce zai sassaƙa sabo. Saurayin ya wuce Akara ga harkarsa, mu kuma aka bar mu da zirga-zirga. Muka raka mai gyaran kasuwar katako ta Sokoban, ya ƙi sabon yanka duk kyansa, ya zaɓi wani tsohon guntun mahogani, dangin maɗacinmu, wanda ya daɗe da bushewa, jijiyarsa a miƙe daga kai har gindi. Fuskar wuyan da ake dannawa ya yi ta da baƙin itace mai tauri, dangin kanya. Ya binne sabuwar sandar ƙarfe, ya mayar da tsofaffin kunnuwan bayan ya wanke su ya sa musu mai. Ƙashin kai da na kan jaki kuwa ya ce na saniya ya fi roba, sai muka je wajen mahautanmu muka karɓo ƙashin ƙafa, aka dafa shi aka cire maiƙo aka shanya. Ba mu tsira daga bakin mutane ba. Wani abokin karatunmu ya tare mu ya ce, "Malam, an ce ka koma makaɗi." Muka ce masa bashi muke biya.

Ranar ɗaura wuya muna zaune. Kafin ya sa tsirkiya ya kwantar da doguwar rula a kan gaɓoɓin ya tura ta har jaki. Ya ce bakin rular ya kamata ya sauka daidai saman katakon jakin. Ta sauka ƙasa da shi kaɗan, alamar wuyan ya sunkuya gaba. Ya kwance sukurorin, ya yanko ɗan siririn falle na katako ya sa a mazaunin wuyan ta gefen ciki, ya sake ɗaurewa, ya sake aunawa. Sau uku ya yi haka kafin rular ta sauka inda yake so. Sannan ya sa sababbin tsirkiyoyi, ya ɗaure su, ya rataye jitar ya ce sai bayan kwana biyu, sabon itace yana bukatar ya saba da kaya.

Saurayin ya dawo ranar da za a daidaita tazarar tsirkiya, kuma mai gyaran ya ce gara da ya zo, don ba a yin wannan sai an san hannun da zai kaɗa. In tsirkiya ta yi nisa da gaɓoɓi, yatsu za su yi ciwo, mai koyo ya gaji ya ajiye, kuma dannawa da ƙarfi na jan tsirkiya muryar ta haura. In ta yi kusa ainun sai ta riƙa bugun ƙarafan tana zizar ƙudan zuma. Mai dukan ƙarfi yana bukatar tazara fiye da mai taɓawa a hankali. Ya miƙa wa saurayin wata jita ya ce ya kaɗa, ya kalli hannunsa, ya ce hannu mai sanyi ne.

Aikin yana da jeri, kuma ba a tsallake ɗaya. Da farko lanƙwasar wuya: ya danne tsirkiya a gaɓar farko da ta 14, ya zura siririn ƙarfen awo irin wanda makanikan Suwame ke gwada inji da shi a gaɓa ta 7. Ana son 'yar tazara kamar rubu'in milimita, kaurin takarda biyu ko uku, don tsirkiya ta sami wurin lilo. Ta yi yawa kaɗan, sai ya sa alanki ya juya notin rubu'in zagaye, ya jira, ya sake aunawa. Ya gargaɗi saurayin cewa notin nan ba a yi masa gaggawa, kuma ba da shi ake sauke tsirkiya ba, jahiltar wannan ta karya sanduna da yawa. Na biyu ƙashin kai: ya danne kowace tsirkiya a gaɓa ta uku ya duba ko ta kusa shafar ta farko ba tare da ta kwanta a kanta ba, inda ta yi sama ya zurfafa tsagin da siririn magagari, shafa biyu ya duba. Na uku ƙashin jaki. Awo a gaɓa ta 12 ya ba da milimita 3.5, ana neman 2.5. Tunda gaɓar a tsakiya take, duk milimita ɗaya da ake son ragewa a can sai an cire biyu a jaki. Ya ja layi da fensir, ya shimfiɗa sampefa a kan gilashi don gindin ƙashin ya fito a baje, ya goga, ya mayar, ya auna, ya sake cirewa. Ya ce abin da aka goge ba ya dawowa, don haka gara a je sau biyar. Na ƙarshe ya gwada ko muryar gaɓa ta 12 ta dace da ta tsirkiya a sake, murya guda ce ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, kamar yaro da babba suna jan baiti ɗaya. Inda ta haura ya ɗan fere saman ƙashin ya matsar da mazaunin tsirkiyar baya.

Muna zaton an gama, sai ya tambayi inda jitar za ta zauna. Da aka ce Kano, ya ɗauko sauran ƙashin ya fere na biyu, wanda ya fi na farko tsayi kaɗan. Ya ce a Kumasi aka daidaita ta, cikin damshi, fuskar cikin tana kumbure. In ta shiga hunturun Kano katakon zai bushe, fuskar ta sauka, jaki ya sauka tare da ita, tsirkiya ta fara ziza. In haka ta faru a sa dogon ƙashin, in damina ta kama a mayar da gajeren. Ya ƙara da cewa a riƙa ajiye ta cikin akwati nesa da rana, in kuma za a daɗe ba a taɓa ta ba, a sassauta tsirkiya. Da ya faɗi wannan na ƙarshe, mu ya kalla.

A shagon saurayin ya kaɗa ta, ba a gidan dattijo ba, kuma mu ba mu da kunnen da za mu ce kiɗan ya yi ko bai yi ba. Mun dai ga mai gyaran ya gyaɗa kai. Washegari a zaure, gaban shaidu biyu, aka miƙa masa jitar, da ƙashi na biyu cikin 'yar takarda, da tsohon wuyan naɗe cikin zane don gwaggonsa. Muka ja layi a kan sunan kakansa. Dattijo ya nemi gafarar iyalin a madadin mahaifinsa da magatakarda uku.

A makon nan muka nemi izinin dattijo muka kira shaidu muka buɗe sauran goman. Keken ɗinki ya ƙame da tsatsa, ɗigon mai sau ɗaya a shekara da ya ishe shi. Akwatin littattafai na wani malami, gara ta shiga ta ƙasa ta cinye kusan sulusinsa, har da rubuce-rubucen hannu da babu inda za a sake samun su. Wannan ya fi jitar yi mana ciwo, don a nan ba mu da ko uzurin ƙyamar kiɗa. Wasu kayan kuma, tasoshin tagulla da wani bargo na saƙi, Allah ya tsare su. Yanzu mun kafa ƙa'ida mun rubuta ta a bangon littafin: kowace shekara cikin watan Muharram a buɗe kowace ajiya gaban shaidu, a shanya abin shanyawa, a sa mai inda ake sa mai, a sassauta abin da ke ɗaure, a rubuta halin da aka same shi. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba, balle kayan da aka damƙa maka.

Mun san ba gidanmu kaɗai ke da irin wannan ɗaki ba. Akwai su a zangunan Akara da Sekondi da Tamale da Salaga, akwai kuma a Legas da Kano wajen waɗanda aka bar wa kaya a 1983, lokacin da Najeriya ta sallami nata baƙin. Duk wanda ke riƙe da makulli irin namu, muna roƙonsa ya kira shaidu ya buɗe tun kafin mai takarda ya yi sallama. Wanda kuma ya taɓa jin iyayensa ko kakanninsa suna ambaton wani abu da suka bari a zangon Kumasi cikin azumin 1969, ya duba ƙasan akwatunan tsofaffi, ya aiko da saƙo ta wannan shafi. Sunaye goma suna nan ba a ja musu layi ba.

Allah ya jiƙan waɗanda suka tafi ba su dawo ba, ya yafe mana sakacinmu, ya ba mu ikon sauke abin da aka ɗora mana. Wassalamu alaikum.